Ƙasan Gida ko Ƙasar Gida

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan wannan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Inna da ta kumbura kwana biyu, yanzu kumburin ya sauka. Likita ya ce ta rage hawa da sauka, ta ce masa in ya ga ba ta iya ba ya riƙa zuwa yana goya ta.

Abin da ya sa na rubuto ba mai daɗi ba ne. Baba kafinta, wanda ka bar wa ɗakunan ƙasa, yau wata biyu da rasuwarsa. Babban ɗansa ya dawo, wanda ba ka sani ba. 'Yan layi Mai Jaka suke ce masa, don ko shagon bakin titi zai je sai da jakar hannu. Ranar Lahadi ya hawo sama, ya durƙusa ya gaida Inna, ya jira ta shiga ɗaki, sannan ya zaro hoton wata takarda ya ajiye min a tebur. Wadda ka rubuta wa babansa ce da hannunka, shekara tara da suka wuce. Ya ɗora yatsa a layi na uku ya ce in karanta. Na karanta: "Na mallaka masa ƙasan gidan nan, shi da magadansa, a madadin rufi da ƙofofi da matakala da ya yi mana." Ya ce in sake dubawa. Wai abin da ke rubuce ƙasar gidan nan ne, da r, ba da n ba. Wato ba ɗakuna ukun ƙasa ka ba babansa ba, ƙasar da gidan yake kai ka ba shi, mu da muke sama a kan kayansa muke zaune. Ya ce ya samu mai saye da zai rushe ya gina shaguna. Ya ba mu wata uku.

Na duba har idona ya yi ruwa. Ninkin takardar a kan harafin ya bi, ya cinye masa ƙafa ɗaya. In ka so ka ga n za ka gani, in ka so r ma za ka gani.

Inna ba ta sani ba, na ce mata maganar famfo ce ta kawo shi. Yaya, takardar hannu irin wannan, ba lauya, ba hatimi, tana ci a kotu? Ka faɗa min abin da zan yi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na amsa sallamarki. Ki gaida Inna, ki ce mata ta bi maganar likita, ko da yake na san da bango nake magana. Ni lafiyata ƙalau, in ban da yatsun nan da sanyi ya ƙangarar. Kada ki faɗa mata.

Takardarki ta yi sati biyar tana jirana a ofishin tashar jiragen ruwa kafin mu shigo. Wato cikin wata ukun da aka ba ku, fiye da ɗaya ya tafi ina can ƙasan jirgi ina canza wa inji mai, ban san komai ba. A tsaye na karanta ta, a bakin ofishin, sai da mai gadi ya ce in matsa na tare hanya.

Ina tune da ranar kamar jiya. Saura kwana uku in taho. A kan bencin aikin Baba kafinta na rubuta ta, na share garin katako da gefen hannu, na yago falle daga littafin awonsa. Biron ma nasa ne, sai an girgiza yake kawowa. Tela na layinmu ne shaida, allura a baki ya sa hannu. Kafin ya fara aikin, sama kango ne, ba rufi, ba ƙofa, da tsani ake hawa. Mutumin nan ya yi wata huɗu yana aiki da katakonsa da kwanonsa, bai karɓi ko sisi ba, don ya samu inda zai kafa benci ya kwana. Ɗakuna uku na ba shi. Ya sani, na sani, Tela ya sani. Ba zan ɓata sunan mamaci don ɗansa ya ɓata min rai ba. Baba kafinta mutumin kirki ne.

Amma ki ji da kyau. Ban sa hannu a takardar nan don wani mai jaka ya zo ya fitar da Inna titi ba.

Tambayar da kika yi, ni ma ban san amsarta ba, kuma shi ne ya hana ni cin abinci. Na tambayi mutanen ɗakinmu, mu takwas ne. Mai girkin jirgi, wanda ba abin da bai sani ba, ya ce takardar da ba hatimi ko ƙunsa sabulu ba za a yi da ita ba. Mai walda kuma ya ce kawunsa a bayan kwalin ashana ya rubuta layi biyu, gona ta tafi har yau. Na ce to ku daidaita tsakaninku. Suka koma musu a kan wane ne ya fi sanin kotu, suka manta da ni.

Shekara tara ina cikin ɗakin da ba taga, ƙarar inji ta cinye min kunne ɗaya, duk don in san cewa akwai rufi a kan ku biyu. Yanzu a ce ƙafar harafi ɗaya ce za ta ɗauke shi. Ina tsaye gaban inji sai in ga Inna zaune kan buhun kayanta a bakin kwata, 'yan layi suna wucewa suna yi mata sannu.

Ki nemi lauya, na gaske, ba irin masu tare mutum a ƙofar kotu ba. Ki nuna masa hoton, ki faɗa masa abin da na ce. Kada ki sa hannu a komai da Mai Jaka zai kawo, ko da ya ce takardar gyaran famfon ce da gaske. Kuma ki daina kuka a kan takarda, na ga inda tawada ta baje.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Inna lafiya, tana tambaya ko kana samun barci. Ni kuma tun da takardarka ta iso na fara samu.

Da na zo inda ka ce ba ka sa hannu a takardar nan ba, sai da na zauna. Washegari na tafi wajen lauya, mace ce, mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta ce mai girkinku ya tsaya a kan tukunyarsa. Takardar hannu tana ci sarai, in dai an tabbatar da hannun mai ita, kuma akwai shaida. Hatimi ƙari ne kawai. Sai na ce mata ai yayana ya ce bai sa hannu ba. Ta cire gilashin ta dube ni, ta ce in tabbata. Na ce na tabbata.

Ta ce to magana ta canza. In ka musa, Mai Jaka ne zai kawo hujja cewa hannunka ne. Babansa ya rasu. Tela kuwa ido ya tafi, jikarsa ke jan sa. Na kuma ɗora takardarka ta yanzu kusa da hoton waccan, wallahi kamar mutum biyu ne suka rubuta. Da rubutunka a tsaye yake, yanzu kamar kaza ta bi ta cikin tawada. Lauya ta ce in takardar ta faɗi, ba sama kaɗai za mu tsira da shi ba, har ƙasan zai dawo mana. Sai mu sauko da Inna, ta huta da matakala.

Mai Jaka ya riga ya kai ƙara, sammaci ya zo. Mun mayar da amsa cewa ba hannunka ba ne. Za a zauna ranar sha tara ga watan gobe. Ka kwantar da hankalinka, Auta ta girma.

Ƙanwarka

*

Auta,

Ki gaida Inna. Sauran gaisuwa sai wani lokaci, saura kwana goma sha ɗaya a zauna, yau takardarki ta same ni.

Ki ɗauko waccan takardar tawa ki karanta layin har ƙarshensa. Cewa na yi ban sa hannu don a fitar da Inna ba. Ban ce ban sa hannu ba. Na sa. Hannuna ne, sunana ne, har ɗigon man da ke gefen takardar daga babban yatsana ya fito. Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane karatu, a tsakiyar jimla kika tsaya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na so in bi ki. Da na koma ɗakin inji na ɗauki kwalin matatar mai na yi ta sa hannu a bayansa, ya fi sau ashirin. Ko ɗaya bai yi kama da na da ba. Kin yi gaskiya, ba alƙalin da zai kama ni. Na yi awa shida a kan aiki ina lissafa yadda zai kasance: Inna a ɗakin ƙasa mai taga biyu, ke ki samu inda za ki riƙa koyar da yara da yamma, ni kuma in samu dalilin barin wannan gwangwanin. Har na fara jin haushin kaina, na ce me gaskiya ta taɓa saya min in ban da kurumcewa.

Sai dai rufin da ke kanku yanzu, wanda ruwa bai taɓa ɗigowa ta cikinsa ba, mutumin nan ne ya hau ya buga shi yana da shekara sittin. In na ce ban rubuta ba, na ce ya yi min aikin wata huɗu a banza, kuma ya zauna shekara tara a gidana da takardar jabu. Ba ya nan balle ya kare kansa. Ɗansa azzalumi ne, ban musa ba, amma ɗakuna ukun nan nasa ne, gadonsa ne. Ba zan ƙwace masa nasa don yana neman ƙwace min nawa ba.

Na roƙi babban injiniya ya sake ni rabin yini, ya sake ni yana ƙunƙuni. Akwai wani ofishi a bayan tasha inda ake rantsuwa a buga hatimi. Na rubuta cewa hannuna ne, cewa harafin n ne, cewa ɗakuna uku nake nufi. Na aiko ta da masu kai saƙon gaggawa tare da wannan. Ki kai wa lauya ranar da ta iso, ko da rana ta faɗi.

Na san abin da na yi. Na tabbatar musu da takardar da za a iya karantawa ta inda za ta kashe mu. In alƙali ya duba ya ga r, to da hannuna na fitar da Inna, sau biyu. Da na miƙa wa ma'aikacin takardar, sai da ya ja ta daga hannuna, yatsuna sun ƙi saki.

Abu ɗaya ya rage mana. Duk wasiƙun da na aiko tun shekarar farko suna cikin akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa. Ki kwashe su duka ki kai. A duba yadda nake yin n a ƙarshen kalma, da yadda nake yin r. Ki san yadda za ki yi da Inna, ita ke riƙe da makullin.

Ki yi fushi da ni in kin ga dama, amma ki kai.

Yayanki

*

Auta,

Sau biyu ke nan muna shigowa tasha ba takardarki. Na sa ma'aikacin ofis ya juye buhun saƙo a gabana, har ya tambaye ni ko mata ce ta gudu. Na kira lambarki daga wayar mai walda, a kashe.

Ban san ko saƙon ya iso kafin sha tara ba. Ban san ko an zauna ba. Ban ma san ko wannan za ta same ku a adireshin nan ba, sai da na tsaya da biro a kan ambulan kafin in rubuta. Shekaranjiya na bar famfon mai a buɗe, abin da ban taɓa yi ba, babban injiniya ya ce in ban da ya san ni da ya rubuta ni.

In kin ƙi yi min magana ne, na yarda. Ki rubuto layi ɗaya kawai: a ina Inna take kwana.

Yayanki

*

Yaya,

Inna tana ɗakinta. Lafiyarta ƙalau, tana gaishe ka. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Fushi na yi, shi ya sa ka ji shiru. Wayar kuma ni na kashe, don Mai Jaka da mutanensa. Saƙonka ya iso saura kwana biyu. Lauya ta karanta, ta ninke, ta ce min da ma ta yi zaton haka. Ranar zama ni aka tsayar gaban alƙali in ce ban karanta wasiƙar yayana daidai ba. Lauyan Mai Jaka ya ce da alama a gidan nan ɗaya bai iya rubutu ba, ɗaya ba ta iya karatu ba. Har ɗan sandan bakin ƙofa ya yi dariya. Akwai iyayen ɗalibaina biyu a wurin.

Tun da ka faɗi taka, bari in faɗi tawa. Na karanta layin har ƙarshe tun ranar farko. Na gane abin da kake nufi. Tsoro ne ya sa na tsaya a inda na tsaya.

Alƙali ya ce takardar tana nan daram, tun da mai ita ya amsa. Saura a gano me takardar ta ce. Ya karɓi wasiƙunka, guda tamanin da huɗu, ya ɗaga zama sati uku. Sati ukun nan ban san yadda na yi su ba. Kullum na dawo daga makaranta sai na tsaya a kan kwana na leƙo ko gidan yana nan.

Da aka dawo, ya ce ya duba da madubin ƙara girma, r ɗinka kullum a rataye take ba ta taɓa layi, wannan kuwa akwai ɗan burbushin tawada a ƙarƙashin ninkin. Amma ya ce ba a kan wannan kaɗai zai tsaya ba. Ya tambayi Mai Jaka, in babansa ya san ƙasar tasa ce, me ya sa ya yi shekara tara bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma me ya sa zai yi wa bene rufi a madadin ƙasar da benen yake kai. Mai Jaka ya buɗe jaka ya rufe. Aka jawo Tela. Lauyansu ya ce mutumin da ba ya gani ba zai shaidi takarda ba. Tela ya ce, "Ɗana, ido ne ya tafi, kunne yana nan. Ɗaki uku aka ce." Alƙali ya yanke: ƙasan gida ne. Sama namu, ɗakuna uku nasa.

To amma ka san matakala daga cikin zauren ƙasa ta taso. Alƙali ya ce a bar mana hanya, bai faɗi faɗinta ba. Mai sayen ya janye, Mai Jaka ya ce shago zai yi da zauren. Ranar Asabar ya kawo magini, suka ja igiya, suka fara jera bulo. Abin da suka bar mana, in na riƙo bokiti sai na karkace.

Inna ta riga ta sani. Tun ranar da na nemi makullin akwati ta ce in daina raina mata hankali, famfon da ake kai wa sammaci ba ta taɓa gani ba. Da ta ji ƙarar cebur sai ta sauko, a hankali, tana dafa bango. Ta tsaya a ɗan lungun ta auna da hannuwanta. Ba ta kalli Mai Jaka ba, magini ta tambaya: "Malam, makara za ta wuce ta nan?"

Magini ya ajiye cokalin gininsa. Mai Jaka ya tsaya yana kallon ƙasa, can ya sa ƙafa ya ture layin farko, simintin bai bushe ba. Ya ce a matsar da igiyar. An matsar da ita taku ɗaya. Ginin kuma ya tsaya, wai sai ya yi tunani.

Har yanzu ina ganin da ka yi shiru da Inna tana ƙasa, ba ta tambayar kowa wannan. Ban ce na fi ka gaskiya ba. Na dai faɗa maka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na gode wa Allah, na gode miki. Ki gaida Inna, ki riƙe hannunta ki ce daga ni ne. Na karanta layinki na farko na zauna a kan dutsen bakin ofis, sauran sai da na yi rabin awa kafin in iya.

Dariyar da aka yi miki a kotu, ni na jawo, ki yafe min. Maganar da kika rufe da ita kuma, ni ma ina tunaninta. Duk hawan da Inna za ta yi daga yau, na san da hannuna a ciki.

Yanzu ga abin da ya rage. Taku ɗaya ba awo ba ne, kuma mutumin da ya ture bulo ranar Asabar yana iya mayar da shi ranar Litinin. Ki same shi tun ginin yana tsaye. Kada ki je da faɗa, ya yi abin kirki guda ɗaya, ki faɗa masa na ji kuma na gode. In yana son bangon gaba na sama don ya kafa allon shagonsa, a ba shi. Lauya ta buga muku yarjejeniya da na'ura, kwafi uku, awon a rubuta shi da lamba kuma da kalmomi. Ke za ki sa hannu a madadina, na haɗo takardar izini.

Game da awon, ki saurare ni, wannan aikina ne. Mun taɓa fitar da mutum a kan gadon ɗaukar marasa lafiya daga ɗakin inji, na ga inda ake maƙalewa. Faɗin hanya ba shi ne matsala ba, kwana ce. A gindin matakalarmu ana juyawa dama kafin a miƙe zuwa ƙofar waje. Hanyar kada ta gaza mita ɗaya da kwata, a wajen kwanar kuma a bar mita biyu, don masu riƙe da gaba su samu inda za su ja da baya.

Kada ki yarda da lissafina kaɗai. A cikin kayan Baba kafinta ba za a rasa dogon katako mai tsawon ƙofa da ɗan ƙari ba. Ki roƙi magini da mutum uku su ɗauko shi a kwance daga bakin ɗakin Inna, su sauko da shi har titi, ba tare da sun karkata shi ba. Inda ya taɓa bango ki sa alli.

Ku yi ranar da ta je ganin likita.

Yayanki